Cocin Dresden ya fi labarin bama-bamai faɗi

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na saurari shirinku na tunawa da harin da jiragen Birtaniya da Amurka suka kai wa birnin Dresden na Jamus a watan Fabrairun 1945, kuma na ji daɗinsa. Sai dai da kuka zo kan cocin Frauenkirche, abin da kuka ce kawai shi ne ya rushe an kuma sake gina shi. Ni almajirin aikin gini ne, na sha shiga wannan majami'a, kuma ina ganin an tauye wa masu sauraro mafi daɗin labarin.

Tun daga wanda ya sa aka gina shi akwai abin lura. Mai mulkin Saksoni na lokacin, wato yankin da Dresden ke cikinsa, Augustus, ya koma Katolika a 1697 don ya samu sarautar Polan, alhali talakawansa Furotesta ne, mabiya Martin Luther. Majalisar birnin ce ta ɗauki nauyin ginin, ta damƙa shi a hannun babban kafintanta, George Bähr. An fara a 1726, aka gama a 1743, shekara biyar bayan rasuwarsa. Wato mutanen gari ne suka kafa wa addininsu tuta a tsakiyar kasuwa, a ƙarƙashin hancin fada. Ba a daɗe ba ɗan Augustus ya gina wa Katolika nasu cocin kusa da kogin Elbe, tafiyar 'yan mintoci daga nan.

Wanda ya shiga ciki zai ga bambancin nan take. Yawancin tsofaffin cocin Turai dogon zaure ne, wanda ke baya da ƙyar yake hango liman. Bähr kuwa ya tattara ginin wuri guda, ya kewaye tsakiyar da benaye hawa kan hawa, kowa na fuskantar wuri ɗaya. Dalili shi ne, ga Furotesta wa'azi da karatun Littafi cikin harshen da jama'a ke ji su ne jigon ibada, saboda haka dole muryar mai wa'azi ta kai kunnen kowa. Ran da na fara hawa benen sama na leƙo ƙasa, na ji ana magana a hankali tana iso ni sarai, a nan na gane cewa aƙida ce ta zana wannan gini kafin magini ya ɗora dutse. Kayan kiɗan cocin mai bututai kuma Gottfried Silbermann ne ya ƙera shi, shahararren makaɗi Johann Sebastian Bach ya kaɗa shi a ƙarshen 1736.

Sai ƙubbar, wadda mutanen garin ke kira ƙararrawar dutse saboda yadda gindinta ya buɗe. Nauyinta ya kai tan 12,000, duk na dutsen yashi, kuma ginshiƙai takwas ne ke ɗauke da ita daga ciki. Tun Bähr na da rai ake gardama ko za ta tsaya, don tsagu sun fara bayyana da wuri. Amma a 1760, da sojojin Prussia suka yi wa birnin ruwan igwa, ƙubbar ba ta faɗi ba.

A 1945 ma ba bam ne ya kayar da ita kai tsaye ba, wannan ne abin da nake so a fayyace. Ta tsallake daren 13 ga Fabrairu a tsaye. Wutar da ta cinye birnin ce ta shiga ta tagogi, ta kama kujeru da katakon benaye, zafin ya gasa ginshiƙan har suka kasa ɗaukar kayansu. Da safiyar 15 ga wata ƙubbar ta rufto. Mutanen da suka mutu a birnin sun kai kusan 25,000.

Gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar baraguzan a tsibe fiye da shekara arba'in a matsayin abin tuna yaƙi. Daga 1982 matasa masu neman zaman lafiya suka riƙa taruwa a wurin da kyandir a ranar tunawa. Bayan faɗuwar katangar Berlin, wasu 'yan garin, ciki har da makaɗin ƙaho Ludwig Güttler, suka yi kira ga duniya a 1990 ta taimaka. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin masu aikin. A 1993 sun bi baraguzan dutse bayan dutse, suna aunawa suna sa lamba, suna neman gurbin kowanne a tsohon bango. Dubbai sun koma mazauninsu. Shi ya sa bangon yau yake dabbare-dabbare: baƙaƙen su ne tsofaffi, masu haske su ne sababbi. An keɓe cocin domin ibada a 30 ga Oktoba 2005, kuma fiye da rabin kuɗin aikin gudummawar jama'a ce.

Gicciyen zinariya da ke ƙololuwa mutanen Birtaniya ne suka biya kuɗinsa, maƙerin da ya yi aikinsa kuwa, Alan Smith, ɗan ɗaya daga cikin matuƙan da suka jefa wa birnin bam ne. Tsohon gicciyen, wanda aka tono a baraguzai a lanƙwashe, yana ajiye a ciki inda masu ziyara ke kunna kyandir.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne idan watan Fabrairu ya zagayo ku tura wakilinku ya shiga ciki da na'urarsa, ya hau benen sama, ya naɗo wa masu sauraro yadda murya ke tashi a ƙarƙashin wannan ƙubba.

Naku,
Mai sauraronku a kullum, daga Saksoni