Wasiƙar Godiya Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina

Zuwa ga Shugaba da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin zuriyarmu, na nan cikin birni da na Funtua da na Maraɗi, don mu gode muku a bainar jama'a. Mun yi godiya a ofis, amma muna so masu buƙata irin tamu su ji inda za su dosa.

Ranku ya daɗe, mu ba gidan sarauta ba ne. Kakanninmu marina ne da fatake, babu maroƙin da ya haddace sunayensu, babu makaɗin da ya taɓa yi musu taken gida. Abin da muka gada tsohuwar gafaka ce mai Alƙur'ani rubutun hannu, da 'yan takardun ajami da gara ta ci gefensu, sai abin da Goggo take iya tunawa, don ita ce babbar da ta rage mana. Da wannan muka zo, aka ba mu wurin zama, aka saurare mu a natse kamar waɗanda suka zo da kundin sarakuna. Wannan karramawa ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Malamin da ya duba mana takardun bai yi gaggawa ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauki warƙa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ta ƙarshen Alƙur'anin, inda wani daga cikin magabatanmu yake rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar Hijira. A nan ya nuna mana rasuwar yara biyu a shekarar 1332. Ya lissafa, ya ce ta faɗo tsakanin ƙarshen 1913 da 1914, lokacin yunwar Kakalaɓa da ta auka wa ƙasar Hausa bayan damina ta ƙi. Tun muna yara Goggo take cewa kakanta ya binne 'ya'ya biyu a babbar yunwa, ya rufe karofinsa ya yi kudu. Mun daɗe muna jin labarin, amma ranar muka gan shi da tawada, da hannun mutumin da abin ya faru a gidansa. Da muka koma muka karanta mata, ta daɗe tana yi musu addu'a.

Ku ne kuka koya mana yadda ake tambayar tsofaffi. Kuka ce kada a tambaye su wace shekara, a tambaye su zamanin wane sarki, kuma me ya faru a gari. Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906, ya rasu a 1944. Sarki Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. A tsakani akwai hajjin Dikko na 1921, tafiyar da ya bi ta Ingila, da buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da layin dogo da ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Da muka riƙe waɗannan, maganganun Goggo suka fara zama a gurbinsu. Ta ce an yi auren iyayenta ana ta zancen dawowar Sarki daga Makka. Ta ce baffanta ya koma Funtua sayen auduga bayan zuwan jirgi. Kowace magana ta samu shekarun da za a jingina ta da su.

Akwai kuma matsalar sunaye, wadda ba mu san za ta ba mu wuya haka ba. Saboda alkunya, matan gidanmu ba sa kiran sunan miji ko na ɗan fari, don haka mutum ɗaya yana da sunan yanka a takarda, da sunan rana a bakin 'yan uwansa, da laƙabin sana'a a kasuwa. Ma'aikaciyarku ce ta ce mu rubuta kowane suna da wanda ya faɗe shi, mu kuma tambayi mata daban, domin su ne suka riƙe wace ce aka auro daga ina, wa ya shayar da wa. Ta nan muka gane cewa mutane uku da ke cikin jerinmu mutum ɗaya ne.

Wani abu da nake girmama ku a kansa shi ne ba ku gaya mana abin da muke son ji ba. A gidanmu ana cewa mun fito daga tsatson Wali Ɗanmasani, saboda kakanninmu sun zauna a Masanawa, unguwarsa a birnin Katsina. Malaminku ya ce, cikin ladabi, babban malami irinsa yana tara almajirai da baƙi da masu hidima, kuma zama a unguwa ba ya zama hujjar jini. Ya ce mu rubuta shi a matsayin abin da aka ji daga iyaye, mu bambanta shi da abin da takarda ta tabbatar. Wasu daga cikin dattawanmu ba su ji daɗi ba. Ni kuwa ina ganin da an biye mana a nan, da ban amince da sauran abin da aka faɗa mana ba.

Game da danginmu na Maraɗi, kun tuna mana cewa bayan Ummarun Dallaje, mai riƙe da tutar jihadin Shehu Ɗanfodiyo, ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu sun yi arewa suka kafa Maraɗi, tun kafin Turawa su ja iyakar da ta raba mu ƙasa biyu. Muka kai musu jerin sunayenmu, suka ƙara mana kakanni biyu a sama. Kun kuma shirya mu kafin mu je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna: mu tafi da sunan gunduma da na hakimi, domin rahotannin haraji na zamanin Turawa bisa gunduma aka tsara su, kuma ba kasafai sunan talaka yake fitowa ba, sai dai labarin garinsa da sana'arsa.

Ina roƙon Gwamnatin Jiha ta ƙara wa wannan hukuma kayan ɗaukar hoton takardu da wurin ajiya mai kyau, ta kuma ɗauki matasa su koyi karatun tsohon ajami a hannun waɗannan malamai tun suna da ƙarfi. Masu gafaka a rataye a zaure kuma, ku sauko da ita ku kai a duba muku kafin damina ta sake zagayowa.

Allah shi saka muku da alheri, shi ƙara lafiya da basira, shi jiƙan magabatanmu da naku baki ɗaya. Amin.

Naku,
Wani jikan marina, daga birnin Katsina