Hajiya ta ce sai Daura

Kubwa, Abuja

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da amarya da 'yan yara. Ya sanyin Ingila? Tun hoton da ka turo da ƙaramar sallah, kana cikin jibgegiyar rigar nan da ta haɗiye ka har kunne, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Na san halinku dai, Bazazzagi in ya sami wuri sai ya manta da iyayen gidansa na Kano. To ga ubangidanka ya neme ka.

Labari ke gare ni, kuma akwai alfarmar da zan nema, shi ya sa na zauna na rubuta maimakon saƙon murya da ba ka saurara sai ka ga dama.

In Allah ya kai mu hutun Disamba za mu yi tafiya, gidan kaf, har da Hajiya. Zariya, Kano, Daura, in hali ya yi mu leƙa Katsina. Ummi ce silar abin. An ba su aikin gida a makaranta kan Bayajidda, tana kwance a tabarma kusa da Hajiya da ke tsinkar zogale, sai ta ɗago ta tambaye ni wai Daura a Nijeriya take ko a Nijar. Hajiya ta ajiye farantin a hankali. Ka san Inna, mahaifiyarta, 'yar Daura ce, aure ne ya kawo ta Kano. Ba ta yi faɗa ba, ni da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ku kai ni in ga garin Inna tun ƙafata tana ɗaukata, su ma su gani da idonsu." Tun daga ranar maganar nan take cin raina. Yaran nan duk a Abuja aka haife su. Kanon da muke zuwa da sallah, daga mota sai cikin gida, daga cikin gida sai mota. Abba zai jero maka 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ka ce ya kira ƙofa uku daga ƙofofin Kano, sai ya tsaya yana kallonka.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za mu fita daga Abuja. Hajiya jirgin ƙasa take so. Tana amarya ta hau shi daga Kano zuwa garinku, kuma har yau tana ba da labarin masu talla da ke miƙo dafaffen ƙwai da gyaɗa ta taga a kowace tasha. Na yi mata bayani cewa na yanzu daban ne, wanda aka buɗe a 2016, daga Idu ya biyo nan Kubwa ya tsaya a Rigasa, iyakarsa ke nan, wanda zai zarce Kano ana kan aikinsa. Ta ce ko ma ina ya tsaya, ita dai jirgi. Maman Abba kuwa tun harin da aka kai masa kusa da Katari a watan Maris na 2022, ko sunansa ba ta son ji. Ba na ganin laifinta, akwai ƙawarta da ɗan'uwanta yana ciki a daren. Sai dai hanyar motar ma ba ta kwanta mata ba, to ina za mu bi?

Ni a ganina jirgin ya fi mana, saboda Hajiya. Gwiwoyinta ba sa jure naɗewa a mota, a jirgi kuwa za ta miƙe ƙafa, ta tashi ta taka, ga bayi a ciki, awa biyu da 'yan kai mun isa. Tikiti ta intanet ake saya da lambar NIN, kuma lokacin hutu sai an yi sammakon saye. Amma daga Rigasa dole sai mota, kuma mu da yawa ne. Da na tsara Auta ya ɗauki Sienna tawa da sassafe ya riga mu isa Kaduna ya jira mu a tasha. Maman Abba ta dube ni ta ce, "Hanyar da ba ta dace da mu ba, ita ce ta dace da shi?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta, don gaskiyarta ce.

Nan ne ka shigo. Ka yi wa Yaya magana ya nemo mana direba amintacce a Kaduna, mai babbar mota da ya san hanyoyin nan, ya ɗauke mu a Rigasa ya zaga da mu ya dawo da mu. Na san kuɗin zai yi zafi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 shatar mota ta zama abin da ta zama, amma na fi son in biya in sami wanda zai ce mini kada a bi nan yau, in kuma ji maganarsa. Doka ɗaya na kafa wadda ko Hajiya ba za ta karya ba: ba tafiyar dare, duk inda za mu kwana la'asar ta same mu a can.

Af, ka ji Dogo ya ƙara aure? Ranar ɗaurin auren da hular nan ya zo, ita dai, wadda ka sani. An kuma mayar da shi ofishinsu na Lakwaja, yana ta kuka da zafi. Mai shayin layinmu na da ya tambaye ka, ya ce a tuna maka da bashin, bai yafe ba.

To Zariya. Kada kanka ya kumbura, amma na sa mata lokaci fiye da yadda na yi niyya. Ina so mu shiga ta Ƙofar Doka yaran su ga abin da ya saura na ganuwa, don Ummi ta haddace labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku kamar ita aka yi wa gadonta, ta ce ita sai ta taɓa ƙasar ganuwar da hannunta. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini shi ne masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani na wajejen 1830, da bakan gizon nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan ginin ƙasa masu riƙe da rufi, da ka taɓa kai ni muka tsaya muna ɗaga kai har wuyanmu ya ƙage. Tun da wani sashe ya rufta ana sallar la'asar a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, nake ta tunanin ginin nan. Ka tambayar mini Yaya abin da mutum zai iya gani yanzu in ya je. Daga nan mu bi ta Tukur-Tukur in nuna musu kamfanin Gaskiya, don Baba, Allah ya jiƙansa, da Gaskiya Ta Fi Kwabo ya koyi karatun boko. In gidanku na cikin birni da wuri, nan za mu kwana, Hajiya ta ce ba za ta je garin su Goggo ta sauka a otal ba. A gaya wa Goggo tun yanzu, kuma a yi mana tuwon kirki, ba irin wanda kuke ba baƙi ba.

Kano gida ce, ba sai na ja maka ba. Gidan Makama, Kurmi, ƙofar gidan Rumfa, sai Dala da safe kafin rana ta yi, Hajiya ta zauna a gida da 'yan'uwanta mu mu hau. Abin da nake ɗoki shi ne marinar Ƙofar Mata. Na saya wa kowane yaro farin yadi, su ɗaure shi da zare da kansu, su tsuguna a bakin karofi su ga yadda marini ke tsoma shi ya ɗago, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. Ina so su ji warin baba da toka, su ji ƙarar mabuga. Wurin da aka rubuta 1498 a ƙofarsa, yawancin ramukan yanzu a bushe suke, ba kowa a bakinsu. Gara su gani yanzu. Gurasar Jakara kuwa zan ci rabonka.

Daga Kano sai Dambatta, Kazaure, Daura. Hajiya ta riga ta sa an wanke mata jarka, wai ruwan Kusugu za ta ɗebo ta raba wa ƙawayenta na islamiyya. Na gaya wa yaran rijiyar a cikin gini take yanzu, ana zura guga a ba baƙo ya sha. Abba ya ce shi ba zai leƙa ba sai an tabbatar masa macijin ya mutu. Ummi ta yi masa bayani dalla-dalla, cewa sunan macijin Sarki, ranar Juma'a kaɗai yake barin mutane su ɗebi ruwa, Bayajidda ya sare kansa, Daurama ta aure shi. Hajiya na gefe tana gyara mata inda ta tsallake, tana ba da shi yadda Inna ta ba ta. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin rasuwar Baba. Akwai wata 'yar ƙanwar Inna da aka ce tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, Kawu yana nemo mana wanda ya san gidan. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, aboki. Ina tsoron mu yi ta lissafin mota da jirgi har ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu ta riga mu. Ga hunturu, ga ƙura, ka san ƙirjin Hajiya. Likitanta ya ce ta je, a dai riƙe magungunanta a rufe mata hanci.

Katsina ce har yanzu ba mu daidaita ba. Daga Daura ta Mashi ba nisa, kuma zai yi mini ciwo mu kai nan mu juya ba su ga hasumiyar Gobarau ba, ba su shiga tsohuwar Kwalejin Katsina ba, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda daga baya kuka janye ta Zariya kuka ce Barewa, don ku komai kuka gani sai kun ce naku ne. Maman Abba ta ce a bari sai mun isa Daura mu ji ta bakin mutanen gari da direba, in sun ce a tafi mu tafi, mu komo ta Kankiya da Bichi. Na yarda da wannan.

Ka kira Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko, ta ce ɗanta na Turai ya yar da ita. In ta tambaye ka jirgi ko mota, jirgi za ka ce. Lambar direban kuma ina jira kafin ƙarshen wata, don in san tikiti nawa zan saya. A shafa mini kan yara, a gai da amarya.

Naka,
Baban Abba