A Gyara Yadda Ake Naɗa Shugabannin Ɗalibai a Makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan shugabannin ɗalibai a makarantun sakandare, musamman na kwana.

A yawancin makarantu, malamai ne ke zama a ofis su tsamo firifet daga 'yan SS2 kafin 'yan SS3 su shiga jarrabawar WAEC. Abin da ake dubawa sananne ne: tsayi, kaurin murya, iya Turanci, da cika ido. Da wannan ma'auni an riga an cire gurgu, kurma, zabiya, mai in'ina da mai ciwon sikila tun ba a fara ba. To, waɗanda aka naɗa ɗin su ne ke riƙe da asambuli da aikin gayya da horo, wato wuraren da waɗancan yara suka fi shan wuya.

Doka ta riga ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Amma doka ba ta tsayawa a filin asambuli da ƙarfe 7 na safe. Firifet ne ke tsayawa.

A fara da zaɓe. A liƙa sharuɗɗan kowane muƙami a allon sanarwa mako 2 kafin lokaci, kowane ɗan SS2 ya iya nema. Kwamitin malamai ya tantance da halayya da zuwa aji kawai, wanda aka cire a faɗa masa dalili. A ba ɗan takara damar gabatar da manufarsa da baki ko a rubuce, da Hausa ko Turanci. Ƙuri'a ta zama ta sirri, 'yan JS1 su ma su jefa. Idan aka ce a ɗaga hannu ko a bi layi, ƙananan yara za su bi wanda siniyoyi suka harara musu ne. Kada kuma a ƙirƙiri kujera guda a ce ta naƙasassu ce a tsaya nan, domin wannan ma wariya ce.

Sai al'adun da sababbin shugabanni za su taɓa. Asambuli kada ya wuce minti 15, a ajiye benci biyu a inuwa. Zabiya rana na ƙona masa fata, ga raunin gani, don haka a halatta masa malafa da riga mai dogon hannu, a zaunar da shi a layin gaba. Mai sikila kuwa, ƙishirwa da sanyi da wahalar jiki ne ke tayar masa da ciwo. Gudun asuba a hunturu, wanka da ruwan sanyi, tsallen kwaɗo, ɗebo wa siniya ruwa, kowannensu na iya kwantar da shi a asibiti. Firifet mai kula da aiki ya karɓi sunayen masu sikila daga ma'aikacin jinya a asirce, ya ba su rajistar kayan aiki ko gyaran laburare. Kurma ba ya jin ƙararrawa, sai a haɗa ta da ɗaga tuta.

Kan gangaren da ake ginawa a ƙofar gini don keken guragu ya hau, ƙa'ida ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Dakali mai tudun santimita 30 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6. Magina kan gajarta gangaren don tsimin siminti, su kuma goge samansa sumul, sai ya gagari hawa, da damina ya yi santsi.

Inda gyaran ke rushewa shi ne wajen 'yan SS3 da wasu tsofaffin ɗalibai masu cewa, "Mu ma haka aka yi mana." Abin da aka faɗa da baki kawai, yana tafiya da firinsifal ɗin da ya faɗa. Don haka a rubuta sababbin ƙa'idojin a littafin dokokin makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai ta amince, a karanta su ranar miƙa mulki. A karɓe bulala daga hannun firifet gaba ɗaya. Aikinsa ya rubuta laifi ya kai wa malamin da ke kan aiki.

Ina roƙon ma'aikatun ilimi na jihohi su sa masu duba makarantu su riƙa neman takardar sakamakon zaɓen ɗalibai a duk ziyara.

Wassalam.

Daga wani malamin sakandare,
Katsina.