Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Tamanrasset

Unguwar Birni, Damagaram

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da 'yan'uwanmu da kuke zaune tare a can Aljeriya. Iyalinka suna nan ƙalau, kuma saƙon da ka aiko ya iso hannun Inna.

Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne maganar da ka yi mini a waya, cewa kwanakin nan kanka yana yawan sarawa, barci ya ƙaurace maka, har ka fara shan tramol don ka iya jure aikin gini. Ka faɗe ta cikin raha, amma ni ba ta ba ni dariya ba.

Ina roƙonka ka je a auna maka jini. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum shekara da shekaru ba tare da wata alama ba, sai ranar da magidanci ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta lalace, sannan a fara cewa jifa aka yi masa. Awon ba ya cin minti biyar. Idan ya kai 140 bisa 90, wato abin da ma'aikatan likitarmu ke kira 14 bisa 9, kuma aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to, magani ya kama ka, kuma ba a barinsa don kawai kai ya daina ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Shayin da muka saba a fada, wato wurin hirarmu, zagaye uku da sukari mai yawa, shi ma ka rage shi da dare, domin yana cikin abin da ke korar barci.

Tramol kuwa maganin ciwo ne mai ƙarfi, ba ya cire gajiya, rufe ta kawai yake yi, kuma jiki yana sabawa da shi har ya nemi ƙari, wani ma ya kai ga faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Kada ka yanke shi rana ɗaya. Likita ne zai nuna maka yadda ake ragewa sannu a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne shirunka. An raine mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma na yarda da hakan a wajen sirrin mutane, amma ban yarda da shi a wajen ciwo ba. Nauyin gida yana kanka, ga kewa, ga fargabar takardu a ƙasar mutane. Idan baƙin ciki da rashin barci da ƙin abinci suka wuce sati biyu, ciwo ne da likitoci suka sani kuma suke magancewa, ba raunin imani ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, saboda haka ka haɗa addu'a da neman magani, kuma ka samu mutum ɗaya cikin abokan zamanka wanda za ka riƙa buɗe wa ciki.

Idan aka auna ka, ka turo mini lambobin ta WhatsApp. In kuma Allah ya kawo ka gida da Babbar Salla, za mu je asibitin ƙasa tare a duba mana sukari, don ni ma shekaruna sun kai.

Ka gaida mini mutanen gida duka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo da kai cikin aminci.

Naka amini,
daga Damagaram