Kafin a dogara da waya wajen awon hasken fitilar shuka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya fara shiga hannun matasanmu a nan Katsina, wato renon shuka a cikin ɗaki da hasken fitila, da kuma auna ƙarfin wannan haske da manhajar wayar hannu. Ni tsohon malamin kimiyyar noma ne, kuma tun da na ajiye alli nake renon irin tumatir da tattasai da latas a gida, ina sayar wa masu lambu idan lokacin dashe ya yi.

A bazarar da ta wuce, da zafi ya haura maki 40, iri ya riƙa ƙonewa a tsakar gida tun bai yi ganye huɗu ba, sai na mayar da farantan reno cikin wani ɗaki mai sanyi, na sayo fitila fara na rataye ta a sama. A idona ɗakin ya yi haske tas, har mutum yana iya zura zare a allura. Bayan kwana goma tsiron ya fito da dogon wuya, siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyen ya yi fari-fari, duk ya karkata gefe guda. Ɗana ne ya sa mini manhajar awon haske a waya, muka ɗora ta a kan farantin, ta nuna abin da bai wuce laks 3,000 ba (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske da manhajar take amfani da shi). Muka fita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da azahar, a cikin inuwa, sai ga lambar ta ninka wannan sau huɗu. A nan na gane cewa ido ba abin dogaro ba ne a wannan sha'ani, domin yana sabawa da duhu kamar yadda yake sabawa da haske. Ɗakin da ake karatu a cikinsa laks 300 zuwa 500 ya ishe shi, alhali rana tsaka a fili takan kai laks 100,000.

To amma ga inda nake so masu karatu su yi hattara. Laks ma'auni ne da aka gina a kan idon ɗan Adam, wanda ya fi jin haske mai launin kore-kore, wajen nanomita 555 (ma'aunin tsawon zangon haske, wanda da shi ake bambanta launuka), ya kuma yi rauni wajen ja da shuɗi. Ita kuwa shuka tana haɗa abincinta da hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, kuma tun a 1972 wani masani mai suna Keith McCree, a jihar Teksas ta Amurka, ya wallafa awon da ya yi a kan ganyen amfanin gona iri-iri, inda ya nuna cewa ja da shuɗi suna da babban rabo a wannan aiki. Saboda haka masana noma ba da laks suke lissafi ba, suna ƙirga ƙwayoyin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a kowace daƙiƙa ne, da ma'aunin da suke kira maikiromol. Rana tsaka tana ba da kusan 2,000 a wannan ma'auni. Idan hasken rana ne, ana raba laks da 54 a sami maikiromol. Idan farar fitilar LED ce, ana rabawa da abin da ya kama 65 zuwa 75, gwargwadon irin farinta. Wato laks 3,000 ɗin da na samu ya kama maikiromol 40 zuwa 46 ne kawai, kuma dogon wuyan nan da tsiron ya yi neman haske yake yi.

Matsalar ta fi girma a wajen fitilun nan masu launin ja da shuɗi, waɗanda suke mayar da ɗaki kamar an watsa zoɓo. Idan aka auna su da manhajar laks, lambar da za ta fito ƙarama ce ƙwarai, domin launukan da fitilar take fitarwa su ne ainihin waɗanda ma'aunin ba ya ba wa muhimmanci. Wani yaro da na koyar ya ga haka, ya zaci an cuce shi, ya sauko da fitilar har ta kusa taɓa ganye, cikin kwana uku gefen ganyen latas ɗinsa ya bushe ya naɗe. Fitilar lafiyarta lau, ita ma wayar ta faɗi abin da aka gina ta ta faɗa. Shi ne ya tambaye ta abin da ba ta sani ba.

Sannan wayoyin kansu ba bakinsu ɗaya ba. Yawancin manhajojin Android suna karanta ɗan idon nan da ke saman fuskar waya, kusa da inda ake kara kunne, wanda kamfani ya sa shi domin ƙara hasken allo ko rage shi, ba domin awon kimiyya ba. A iPhone kuwa da kyamara ake aunawa. Akwai manhaja mai suna Photone wadda take amfani da kyamarar gaba, a wasu wayoyin ta nemi a rufe kyamarar da farar takarda domin hasken ya bazu, ta kuma tambayi irin fitilar kafin ta ba da lissafi a maikiromol, kuma a ganina ta fi masu laks zalla amfani ga mai shuka. Duk da haka, da muka jera wayata da ta ɗana a wuri ɗaya, tawa ta ce 9,000, tasa ta ce 12,000. Gilashin kariya da muke mannawa yana rage haske, maiƙon hannu yana ragewa, ƙurar hunturu kuwa ba a magana, ga shi kuma da mutum ya ɗan karkata wayar ko ya sunkuya inuwar hularsa ta faɗa a kai, lamba ta canza. Na'urorin gaske, irin na kamfanonin Apogee da LI-COR na Amurka, ɗaruruwan daloli ake sayar da su, abin da mai farantin reno goma ba zai ko yi mafarkinsa ba.

Shin sai a watsar da wayar ke nan? A'a. Kowa ya san kwanon awo na wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, amma matar da take auna gero da kwano ɗaya kullum ta san ranar da aka rage mata. Haka nake amfani da tawa: waya ɗaya, manhaja ɗaya, a goge gilashin, a kwantar da ita daidai tsayin ganye tana kallon sama, a auna tsakiyar faranti da kusurwoyinsa huɗu, a rubuta a littafi. Da wannan na gano cewa kusurwoyin ba sa samun ko rabin abin da tsakiya take samu, na fara juya farantan duk bayan kwana biyu. Da shi kuma na ga cewa sauko da fitila daga santimita 60 zuwa 30 ya ninka hasken kusan sau uku, ba tare da na ƙara kashe ko naira ɗaya ba.

Abu na ƙarshe da ba kasafai masu tallar fitilun suke faɗa ba shi ne tsawon lokaci. Shuka jimillar hasken yini take ci, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka maikiromol da yawan awoyi, a sake ninkawa da 0.0036. Maikiromol 200 na awa 16 yana ba da mol 11.5 a yini (mol ɗaya maikiromol miliyan ɗaya ne), wanda ya ishi tsiron reno, ya kuma kusa abin da latas yake so, wato 12 zuwa 17. Tumatir mai 'ya'ya yana neman 20 zuwa 30. Yanzu a duba halin da muke ciki: fitila mai wat 100 idan ta yi awa 16 ta ci kilowat-awa 1.6 a kullum, kuma duk wanda yake zaune a garin nan ya san ba kowace unguwa take ganin wutar awa 16 a jere ba, sai dai a jingina da sola da batir. Ke nan an tara hasken rana a faifai, an zuba a batir, an mayar da shi fitila, ana asara a kowane mataki, domin a ba shuka kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin hasken rana tsaka da ke zuba kyauta a bayan taga. Ni dai yanzu makonni ukun farko na reno kawai nake kunna fitila a lokacin tsananin zafi, daga nan in fitar da farantan ƙarƙashin rumfar raga, inda ita wayar ta nuna mini sun fi samun haske.

Ina roƙon malaman sashen noma na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, idan suna da na'urar awo ta gaske, su ware rana ɗaya a wata da masu reno da manoman rani na Ajiwa da Jibiya za su kawo wayoyinsu a jera su kusa da ita, kowa ya san da nawa tasa take ƙari ko ragi, ya rubuta ya manna a bayan wayar.

Na gode da fili.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.