Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugaba, da sauran 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Zan fara da maganar kundin waƙoƙinmu, domin ita kowa yake jira, har da waɗanda rabonsu da zama tun ƙaramar Sallah. A farkon shekara mun yi alkawarin fitar da shi kafin Disamba. Bai fita ba. Cikin waƙoƙi goma da muka tsara, bakwai sun kammala, biyu an ɗauki murya ba a tace sauti ba, ɗaya kuma tana nan a littafin marubucinta. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci, shi ya sa zan yi bayani dalla-dalla.

Ku tuna abin da muka ɗauko. Ba tarin waƙoƙi ba ne da kowa zai shiga situdiyo ya zuba tasa ya fita. Labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe: yara biyu da suka tashi a gidan haya ɗaya a Kaduna, rikicin Fabrairun 2000 ya raba iyayensu, ɗaya ya tsinci kansa a Rigasa, ɗaya a Sabon Tasha, kogin Kaduna ya shiga tsakani. Kowace waƙa tana ɗorawa ne daga inda ta baya ta tsaya, ta bi su ta rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2011, har zuwa yau da ɗaya yake tuƙa Keke Napep, ɗayan kuma yake yawo da takardun digiri babu aiki. In aka sauya baiti ɗaya a waƙa ta uku, dole a koma a gyara ta shida. Irin wannan aikin ba ya son gaggawa.

Sannan shekarar kanta ba ta bar mu mun sarara ba. A watan Agusta, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, kuma a makon ne muka kama lokaci a situdiyo. A ƙarshen Oktoba wuta ta ɗauke a yawancin Arewa kwana da kwanaki, ga litar fetur ta haura naira dubu. Janareto ba ya shan alkawari. Waƙa ta bakwai da kuɗin aljihun mutum uku aka naɗe ta, ni da ma'aji da furodusanmu, wanda har yau bai karɓi ko sisi na aikinsa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Waƙar da ba a naɗa ba kuwa, da gangan aka jinkirta ta. Ita ce ta Tudun Biri, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi a daren 3 ga Disamba, 2023. Mun yi zazzafar muhawara a kanta. Wasu sun ce a saki tun da zafinsa, wasu sun ce a cire ta gaba ɗaya kada mu jawo wa kanmu. Kwamiti ya tsaya a kan cewa ba za mu sa kiɗa a ƙarƙashin makokin mutane ba sai mun je mun zauna da su, mun karanta musu baitukan, sun yarda. Ina cikin masu wannan ra'ayi kuma ban sauya ba. Haka muka bi da baitin da ya taɓo sace ɗaliban Kuriga a watan Maris, babu sunan yaro ko ɗaya a ciki. Kuɗin motar zuwa Tudun Biri ne har yanzu bai haɗu ba.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya, wato taron sauraro na watan Nuwamba. Wanda bai zo ba ya yi asara. Da gangan muka nemi ɗakin taro kusa da gada, domin kada wani ɓangare ya ji shi baƙo ne. Kujerun da muka yi haya sun ƙare tun kafin La'asar, aka koma aron benci a makwabta. Mutane sun zo daga Kawo da Tudun Wada da Unguwar Rimi, sun zo daga Kakuri da Barnawa da Narayi. Limami ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe. Babu wanda ya hau dandali ya yi tsalle. Aka rage fitilu, aka saki waƙoƙi bakwai a jere kamar yadda aka tsara su, ɗakin ya yi tsit.

A waƙa ta huɗu, wadda uwar ɗaya daga cikin yaran take lissafa kayan da ta bari a tsohon gida, turmi da tabarya da keken ɗinki, na ga wata dattijuwa ta rufe fuska da mayafi. Bayan an tashi ta kira 'yar uwarmu da ta rera waƙar, ta riƙe hannunta, ta faɗa mata ita ma keken ɗinki ta bari, kuma tun lokacin ba ta sake taka tsohuwar unguwarsu ba. Wani baba cikin iyayenmu, wanda da bakinsa ya sha gaya mana gambarar zamani aikin marasa tarbiyya ce, shi ne ya miƙe ya nemi a maimaita waƙa ta biyar. Yaran da aka haifa bayan 2000 suka dinga tambayar manya, ashe da can a cakuɗe ake zaune? An kai bayan Isha'i ana hira a bakin ƙofa, ana musayar lambar waya. Ranar na tabbatar ba a banza muke wahala ba. Godiya ta musamman ga 'yan uwanmu mata da suka dafa abinci da kuɗinsu, da matasan da suka kwana suna haɗa lasifika.

Zaman wata-wata an yi shi, ban da na Agusta.

Bidiyon waƙa ta farko ba a yi ba, bitar rubutun baiti ga ɗaliban sakandare ba a yi ba, rajistar ƙungiya ma tana nan inda muka bar ta bara. Dalilin duka ɗaya ne, kuɗin wata. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, na taka har shagon wasu. Na san halin da ake ciki, ni ma a garin nan nake sayen masara. Wanda ya zo ya ce ba shi da shi, wallahi ba na ganin laifinsa, kuma akwai waɗanda suka biya da aikin ƙarfi. Masu ƙona min rai su ne 'yan a bi yarima a sha kiɗa, waɗanda ba a ganinsu ranar shara ko ranar lissafi, amma ranar taro su ne a sahun gaba suna ɗaukar hoto, yanzu kuma suna tambayar me ya sa ba a ba su baiti a kundin ba. Baitin na waɗanda suka zauna aka rubuta labarin da su ne.

Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a zaman Janairu, kamar yadda aka amince. Mai son kada a kira sunansa ya same shi kafin ranar. Kuɗin farko da ya shigo na tafiyar Tudun Biri ne, sai tace waƙoƙi biyun da suka rage. Ni kuma wa'adina ya cika, ina roƙon shugaba ya sa zaɓen sabon sakatare cikin ajandar wannan zama. Littafin rahoto da makullin akwatin kaya suna hannuna, zan miƙa su ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya