Ƙarin da ke cinyar ɗiyata da abin da surukata ta yi mata

Assalamu alaikum Malama. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto miki daga Garwa, kuma ina roƙon ki sakaya sunana idan za ki karanta wannan wasiƙa, domin dangin mijina suna sauraron shirinki.

Ranar Talatar da ta wuce ina ɗakin girki, uwar mijina ta saɓi ɗiyata ta kai ta wurin wanzami ba da sanina ba. Ya yi mata tsaga a kan kumburin da ke cinyarta wai don ya fitar da mataccen jini, jinin ya ƙi tsayawa, zanin goyon ya jiƙe sharkaf, sai da muka kwana asibiti aka yi mata ƙarin jini. Har yanzu Inna ba ta ce mini sannu ba, kuma tana sane da cewa likita ya hana ko allura a yi wa yarinyar ba da saninsa ba, domin a gabanta na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Da wannan tabo aka haife ta, ja ne mai duhu a cinyar hagu. Tun ranar suna na nuna wa mata, kowa ya ce tawadar Allah ce, Inna kuma ta ce wani jikanta ya yi irinsa ya baje da kansa. Likita ya tabbatar mini akwai irin wannan mai laushi da yake fitowa jarirai da yawa, yakan shuɗe a hankali yayin da yaro yake girma. Na ɗiyata daban ne. Ya yi tauri, ya ɗauki zafi, fatar ta koma shuɗi-shuɗi tana sheƙi, sannan ƙananan ɗigo-ɗigo jajaye suka feso mata a ciki da baya, ko taɓa ƙafar aka yi sai ta ƙwalla ƙara. Ni ce na dage aka je asibiti, da kuɗin adashena aka yi hoto da awon jini, lokacin da suke cewa ina da ɗoki irin na haihuwar fari.

Likitan ya ce ƙari ne na jijiyoyin jini wanda ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ya haɗu da matsalar da ake kira Kasabach-Merritt: ƙarin yana kama ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare yana cinye su. Ya ce lafiyayyen mutum yana da sama da 150,000 a awo, nata kuwa sun faɗi ƙasa ƙwarai, shi ya sa ƙaramin rauni zai iya halaka ta. Ya ce ko ƙwayoyin aka ƙara mata ƙarin zai sake haɗiye su, magani shi ne a sa ƙarin ya lafa, da magunguna irin su vincristine da ake sawa ta jijiya, kuma ya ba mu takarda zuwa wurin likitocin yara a Yawunde.

Maigidana ya ninke takardar ya sa a aljihu. Abin da yake faɗa kullum shi ne Inna ta fi mu sanin yara, ita kuma tana yaɗawa a unguwa cewa fitar magariba da nake yi da tsohon ciki ce ta jawo, alhali islamiyya nake dawowa, kuma shi maigidan ne ya sa ni. Likita ya ce babu wani abu da uwa ta ci ko ta aikata da aka san yana haddasa wannan ciwo. Na gaya musu, suka ce boko ya ɓata ni.

Ina da sarƙa da 'yan kunnen zinariya na aurena, za su isa kuɗin mota zuwa Ngaundere da na jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kuma yayana yana unguwar Biriketeri a can Yawunde, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Amma maigidana ya ce idan na taka ƙafa ba da izininsa ba, to in wuce gidanmu. Malama, ta yaya zan ci gaba da zama gida ɗaya da matar da ta kusa kashe mini ɗiya, ina durƙusa mata kowace safiya? Shin in kai ƙara wurin limamin unguwa, ko in kira mahaifina, wanda hawan jini yake damunsa kuma har yau bai san komai ba? Ki ba ni amsa a shirin wannan makon don Allah, domin kumburin ya fara haurawa zuwa ƙugunta.

Wassalam. Taki mai sauraro, daga Garwa, Kamaru.